Daga Dandali Zuwa Memori: Yadda Ƙasar Kankiya da Kusada Ta Saurari Kiɗanta



A shekarar 1976, lokacin da gwamnatin soja ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul a faɗin Nijeriya, an yanka lardin Katsina na tsohuwar Jihar Kaduna gida bakwai: Katsina, Daura, Mani, Dutsin-ma, Kankiya, Malumfashi da Funtuwa. Kankiyar wancan lokaci ba ita ce 'yar wannan da muka sani yau ba. Musawa tana cikinta, haka Matazu da Ingawa da Kusada. Daga baya ne aka riƙa yankar su ɗaya bayan ɗaya, Kusada ma sai a 1996 ta samu tata, shekara tara bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina. To a cikin kansilolin da aka zaɓa wa waccan babbar ƙaramar hukuma akwai wani mutumin Musawa da ba sai an gabatar da shi ba, Alhaji Mamman Shata.

Mu ɗan tsaya a nan. Wannan mutumin da aka ba kujera a majalisa, shi ne wanda shekaru talatin da wani abu kafin nan mahaifinsa, Malam Ibrahim Yaro, yake jin kunyar a ce ɗansa na waƙa a dandali. Gidansu gidan Fulani ne, ba su gaji kiɗa ba, ba su gaji roƙo ba. A ƙasar Hausa ta wancan zamani kuwa maroƙi yana can ƙasa a jerin masu sana'a, ana ba shi kyauta da hannun dama ana hana shi 'ya da na hagu. Ta yaya kiɗan da ake hana yaro kusanta ya zama abin da a yau muke kira waƙoƙin manya, har ana rubuta digiri a kansa? Kuma me ya zube a hanya garin wannan hawa? Abin da za mu bi diddiginsa ke nan.

Yau idan aka ce kiɗan gargajiya sai a tattara komai a zuba a buhu ɗaya. A da ba haka ba ne, kowane kiɗa da mai shi. Tambari na sarki ne, ana buga shi ran naɗi da wasu ranaku ƙidayayyu. Kakaki ma haka, kuma tarihin Kano ya jingina shigowarsa ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Kotso da taushi da jauje da banga da algaita duk na masu sarauta ne. Maƙera suna da dundufa, manoma suna da gangar noma ran gayya, mata a cikin gida suna da shantu da ƙwarya. Kalangu kuwa na mahauta ne da 'yan dambe da 'yanmata a dandali. Mutumin da ya san kan abin, daga nesa yana jin sauti ya san ko hakimi ne ya fito ko nama ne ya iso kasuwa.

Idan muna neman kwatankwacin abin da Turawa ke ji da shi na kiɗan su Mozart da Beethoven, to a fada za mu fara dubawa, domin nasu ma a gindin sarauta ya girma. Joseph Haydn ya shiga hidimar gidan sarautar Esterházy a 1761, ya yi kusan shekara talatin yana sanye da kayan barorin gidan, kuma yarjejeniyarsa ta farko ta hana shi tsara wa wani kiɗa sai da izinin ubangidansa. Wanda ya san yadda Ibrahim Narambaɗa ya zauna da Sarkin Gobir na Isa, ko yadda Sarkin Taushin Katsina ya zauna da fadar Sarki Usman Nagogo, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Inda muka rabu da su wuri ɗaya ne. Su sun sa nasu a takarda. Kiɗan da Beethoven ya kammala a 1804, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu, ana iya buga shi yau kamar yadda ya tsara shi. Namu a ƙirji ake ajiye shi, uba ya ba ɗa, in ɗa ya ƙi gado shi ke nan an rufe littafi. Abin da makaɗan Katsina suka buga wa Ummarun Dallaje bai iso kunnenmu ba sai ɗan abin da ya maƙale a take da kirari.

Talakan Rimaye ko Kafin Soli ko Mawashi bai cika jin kiɗan fada ba sai da dalili. Babban dalilin shi ne Salla. Hakimi zai shirya dawakinsa da dagatansa da makaɗansa ya nufi Katsina hawa, mutanen ƙasarsa su bi, wasu a ƙasa wasu a kan jaki, daga baya a bayan babbar mota. A Ƙofar Soro ne ɗan ƙauye zai ji kakaki da kunnensa, ya ga Bebeji, hakimin Kusada, ya wuce da jama'arsa ana yi masa take, ya dawo gida yana ba da labari har wata Sallar. Sauran kwanakin shekara kuwa kiɗansa yana kusa da shi. Ran kasuwa akwai kalangun mahauta. Da daddare in akwai farin wata akwai dandali, 'yanmata na gaɗa, samari na tsaye a gefe. Da kaka, in an cire amfanin gona an sayar da gyaɗa kuɗi sun shigo hannu, sai kalankuwa da dambe da kokawa da bukukuwan aure, wannan ƙauye ya gayyaci wancan.

Abin lura shi ne, a wancan zamani ba a jin kiɗa a zaune. Sai an fita. Sai ka taka da ƙafarka zuwa inda ake yi, ka ga mawaƙin, ka ga wanda ake yi wa, ka ga rigar da ya tuɓe ya bayar. In an yi habaici ka san da wa ake, domin ga shi can ya sunkuyar da kai. Waƙa da wurin da aka yi ta da mutanen da ke wurin abu guda ne, ba a raba su.

A irin wannan fage Shata ya taso. An haife shi a Musawa wajen 1923, ya yi tallan goro da alewa, ya fara da waƙoƙin asauwara na samari, ba don kuɗi ba. Abin da ya fitar da shi daga dandalin garinsu shi ne abin da ya canza ƙasar baki ɗaya, wato gyaɗa da auduga da hanyar mota. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, amfanin gonar wannan yanki ya samu mafita zuwa teku, kuma hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Bichi da Tsanyawa da Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya da Caranci zuwa Katsina ta zama jijiya. Ubangidansa na farkon tashi, Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa ne da ke aikin En'e na sayen auduga da gyaɗa a Bakori, can kuma Shata ya bi shi ya zauna. A 1952 ya yi wasa a Bikin 'Yan Sarki a Kano, sunansa ya fita. A 1960 ya koma Funtuwa, garin auduga da tasha.

Ku dubi wannan jerin garuruwa da kyau, babu wanda ya je don zaman fada. Kuɗi sun fara zuwa hannun mutanen da ba su gaji sarauta ba: dillalin gyaɗa, ɗan kwangila, mai motoci, direba, ma'aikacin gwamnati. Su ma suna son a ji sunansu, amma kotso ba zai yi musu ba, ba nasu ba ne. Kalangu kuwa ba shi da shamaki, kowa nasa ne. Shi ya sa mawaƙin da ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa shi ne ya yi wa Bawa Direba, kuma da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969 bai ga dalilin da zai hana kumbon Apollo 11 samun tasa ba. A ganinmu wannan ne babban juyin da aka yi a kiɗan Hausa a ƙarnin da ya wuce, kuma ƙasar nan ce ta haifi wanda ya yi shi. Ba muna cewa ya fi Narambaɗa zurfin magana ko ya fi Ɗanƙwairo tsarin amshi ba, wannan gardama ce da ba ta ƙarewa a teburin mai shayi, kuma mu ma muna da ɓangare. Muna cewa ne shi ya faɗaɗa ƙofar.

Sai na'ura ta shigo. Faifan garmaho ya riga zuwa, amma na masu hali ne. Wanda ya kai waƙa kowane zaure shi ne rediyo, musamman bayan an buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962. A nan ne mutumin Kusada da bai taɓa taka ƙasar Sakkwato ba ya san muryar Narambaɗa da Sa'idu Faru da Ɗan Anace, ya san kukumar Ahmadu Doka da gurmin Haruna Uji da kuntigin Ɗanmaraya Jos. Waƙar da aka yi wa sarki ɗaya a ƙofar fadarsa ta zama ta duk mai batir. Kaset ya biyo baya. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, amma sai a shekarun 1970, da kuɗin mai da na Udoji suka zagaya, rikoda ta cika gari. Daga nan kowane direban da ke jigila tsakanin Kankiya da Dutsin-ma ko Ingawa ya zama gidan rediyon kansa, fasinja kuwa ba shi da zaɓi.

Rikoda ce ta mayar da waɗannan waƙoƙi abin da muke kira na manya. Dalili kuwa, waƙar baka ba ta da siffa ɗaya. Mawaƙi zai riƙe gindin waƙa, amma ɗiyan suna canzawa gwargwadon wanda ke wurin da abin da aka bayar. Shata ya shahara da cewa ba ya zama ya shirya, a fage yake ƙirƙira, shi ya sa waƙa ɗaya za ka same ta kala uku ko huɗu. Da aka ɗauki ɗaya a faifai aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru, sai ta daskare, ta zama ita ce waƙar, yara suka haddace ta har da tarin da mawaƙin ya yi a tsakiya. Abin da ake iya maimaitawa shi ake iya nazari, a kwatanta, a ce wannan ta fi wannan. Muna ma da kalmarmu ta gwanintar da ta fi saura, bakandamiya, kuma Narambaɗa da Shata kowa ya yi tasa.

Kada mu ɗauka karatu wata duniya ce dabam da wannan. A ƙasar nan karatu ma da kunne ya fara shiga. Kusada an san ta da malamai da almajirai, kuma wanda ya tashi kusa da makarantar allo ya san cewa kafin yaro ya gane baƙi da wasali ya riga ya ɗauki rauji. Ishiriniya rera ta ake yi. Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi mutane da yawa a bakin makafi masu bara suka fara jin su kafin su gan su a takarda. Da boko ya zo bai karya wannan al'ada ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, kuma kwafi ɗaya yakan ishi zaure guda, mai karatu ɗaya ya ɗaga murya saura su kasa kunne. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, kuma duk wanda ya karanta Magana Jari Ce a bayyane ya san an gina jimlolinta ne don baki. Marubucin Iliya Ɗan Maiƙarfi, Ahmadu Ingawa, sunan garin da yake ɗauke da shi ma daga cikin tsohuwar ƙasar Kankiya yake. Malam da makaɗi sun daɗe ba sa ga maciji, wannan gaskiya ne, amma kunne ɗaya suke yi wa aiki. Dattijon da ya fito daga karatun zaure bayan la'asar, sau da yawa shi ne za ka tarar ya rage muryar rediyo yana gyaɗa kai bayan isha'i.

Takarda ta waiwayi makaɗa a makare, kuma baƙi ne suka fara. M. G. Smith ya yi rubutu a kan roƙo a 1957. Anthony King ya zauna a Katsina ya nazarci kiɗan fadarta, sannan shi da David Ames suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan Shata, wato shekara guda kafin a zaɓe shi kansila. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, daga nan aka koma cewa Dokta. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya ba mu kayan aikin nazarin waƙar baka da kalmomin da muke amfani da su yanzu, irin su turke da gindi da ɗiya. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami, suka fitar da Shata Ikon Allah. Wanda bai karanta shi ba a cikinmu ya nema, ko don ya ga yadda ake bin mutum gari gari ana tambaya.

Amma littafin ya fito ne bayan mai shi ya tafi. Shata ya rasu a Kano ranar Juma'a 18 ga Yunin 1999, aka kai shi Daura aka rufe. Ɗanƙwairo ya riga shi tun 1991. Barmani Choge ta bi a 2013, Ɗanmaraya a 2015. A daidai lokacin rasuwar Shata ne kuma finafinan Hausa, waɗanda suka faro da Turmin Danya a 1990, suka kawo kiɗan fiyano, mutum ɗaya a ɗaki ya yi aikin makaɗa goma. Ba za mu tsaya zagin fiyano ba, kowane zamani da kiɗansa, kuma an taɓa yi wa kalangu irin wannan kallon. Abin da ya fi yi wa tsohon tsari illa shi ne mutuwar fage. Wa'azi ya rage dandali, talabijin da waya suka ƙarasa shi, sannan a 'yan shekarun nan matsalar 'yan bindiga ta sa a ƙauyuka da dama na Musawa da Matazu da Kankiya ba mai zancen fita wasan dare. Wanda ke kwana da kunne ɗaya a buɗe ba kalangu yake saurare ba.

Ga inda muke yau. Ba a taɓa samun zamanin da waƙoƙin nan suka yi arha kamar yanzu ba. Ka je wurin masu tura waƙa a bakin tasha, da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba za a cika maka memori da Shata ɗari biyu. Muryar ta tsira, Alhamdu lillahi. Abin da bai shiga memori ba shi ne duk abin da ɗan kallo na da yake gani da idonsa. Waƙa za ta ambaci mutum goma sha biyar, mai sauraro ɗan shekara ashirin da biyar bai san ko ɗaya ba. Wane ne wannan da aka ce a gaishe shi? Me ya bayar? A gidan wa aka sauka? Wa ake yi wa zambo, kuma me ya yi? Su wa ke riƙe da kalangai a bayan mawaƙin, su wa ke amshi? Sau da yawa ko sunan waƙar da ke jikin fayil ɗin ba daidai ba ne, mai turawa ne ya laƙaba abin da kunnensa ya ba shi. Haka waƙa ke komawa sauti mai daɗi kawai, alhali da can rajista ce ta mutanen gari.

Kuma wannan Shata ke nan, wanda ya yi sa'ar marubuta. Makaɗan hakimai fa, da masu gangar noma, da zabiyoyin da suka raka amaren ƙauyukan nan shekara hamsin, waɗanda ba su taɓa shiga situdiyo ba? Su ko muryar ba ta tsira ba, sai abin da ya rage a bakin tsofaffin da suka yi rawa a gabansu.

A nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Da yawa daga labaran da ake turowa wannan zaure suna faruwa ne a wani gari marar suna, ko a Abuja da Dubai, jarumin yana da kamfani amma ba shi da unguwa, ba shi da kaka, ba a san kasuwar da ake ci a garinsu ba. Mawaƙan nan kuwa ba sa sakin mutum a iska. Za su kira shi, su kira ubansa, su kira garinsa da sana'arsa da abokin gabarsa, cikin numfashi biyu ya tsaya a gabanka da ƙafafunsa. Wanda ke son koyon fitar da tauraro a labari ya zauna da waƙa ɗaya, ya ɗauki biro ya rubuta ta kalma kalma, zai ga inda aka yi tsalle, inda aka maimaita da gangan, inda aka bar kalangu ya ƙarasa maganar. Aiki ne mai cin rai, waƙar minti goma tana iya cinye yini, kuma nan ne mutum zai gane yawan kalmomin Hausar da bai sani ba.

Sauran aikin kuwa na ƙafa ne, kamar yadda jin kiɗan ya kasance tun asali. Wanda ya shekara ashirin lokacin zaɓen 1976, yau ya ba saba'in baya ko yana gab da ita. Irinsu suna nan a Kankiya da Kusada da Musawa, a ƙofar gida bayan la'asar, a rumfar tsofaffin direbobi, a cikin gida wurin iyayenmu mata waɗanda su ne ma suka fi riƙe waƙoƙin dandali da na daka. Wanda zai je, ya je da rana, ya nemi wanda zai yi masa iso, ya riƙe goronsa. Kada ya fara da cewa Baba ba ni tarihi, domin amsar da zai samu ita ce ai mu ba mu yi boko ba. Ya kunna waƙar a waya ya ajiye a kan tabarma ya yi shiru. In aka zo kan wani suna dattijon zai ɗaga hannu ya ce tsaya, mayar da ita baya. A rubuta ranar, da garin, da sunan wanda ya faɗa in ya yarda a rubuta.